Na bar aiki a Amurka ban gama biyan rancen asusun ritaya ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a wani asibiti a jihar Teksas ta Amurka, kuma na karɓi rance daga asusun ritayata na 401(k) domin in ƙarasa ginin gida a nan Gombe. A watan Maris na 2025 na ajiye aiki na dawo saboda jinyar mahaifiyata, alhali da sauran dala 12,000 a kaina. Yanzu an aiko mini da takarda cewa an zare kuɗin daga asusuna. Shekaruna 47. Shin har yanzu ana bin na bashi ne, ko kuwa magana ta ƙare? Daga wata mai karatu a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Bashin kansa ya ƙare, domin daga kuɗinki kika ranta, kuma masu kula da asusun sun biya kansu daga abin da kika tara. Abin da ya rage shi ne haraji. Hukumar harajin Amurka, wato IRS, tana ɗaukar wannan dala 12,000 tamkar kuɗin da kika cira daga asusun, don haka za a haɗa ta cikin kuɗin shigarki na shekarar. Kuma da yake ba ki kai shekara 59 da rabi ba, akwai tarar kashi 10 cikin ɗari a kai, wato dala 1,200. Rangwamen da ake yi wa wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta bai shafe ki ba.

Sai dai doka ta bar miki ƙofa. Idan kika samo dala 12,000 daga aljihunki kika zuba a asusun ritaya na ƙashin kai da ake kira IRA, ko a asusun wani sabon wurin aiki a can idan ya yarda ya karɓa, harajin da tarar duk za su faɗi. Ba lallai ne ki zuba duka ba. Idan 7,000 kika iya samu, a kan ragowar 5,000 kawai za a caje ki. Da can kwana 60 ake bayarwa, amma dokar harajin da aka zartar a ƙarshen 2017 ta tsawaita wa'adin zuwa ranar rufe miƙa takardun haraji na shekarar da aka zare kuɗin. Idan a 2025 aka zare, kina da har 15 ga Afrilu, 2026, ko 15 ga Oktoba idan kin nemi ƙarin lokaci.

Kafin ki fara canza naira zuwa dala, ki ɗauko takardar haraji mai suna 1099-R da masu kula da asusun za su aiko miki, ki dubi akwati na 7, domin a nan maganar take. Harafin M yana nufin an zare kuɗin ne saboda barin aiki, cikin wata 12 da barinki, alhali biyanki yana tafiya daidai, kuma shi ne mai wannan dogon wa'adi. Harafin L kuwa yana nufin an ɗauka kin saɓa sharaɗin rancen, kuma irin wannan ba a iya mayar da shi wani asusu, haraji ya hau ke nan. Idan kin tabbata ana cire biyan daga albashinki har watan da kika tafi amma kika ga L, ki rubuta musu su gyara.

Inda nake ganin za ki sha wuya shi ne buɗe asusun IRA daga Gombe, domin kamfanonin zuba jari da dama a Amurka ba sa buɗe wa mai adireshin ƙasar waje. Ki fara tambayar kamfanin da ke riƙe da asusunki tun yanzu, kada ki bari sai wa'adi ya matso.

Masu asusun fansho na nan gida kada su ruɗe: ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 da hukumar PenCom ke kula da ita babu irin wannan rance, daga cikin abin da ke akwai har da cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da aka tara ga wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata 4 babu aiki.