Tambayi Inna: Kaina ya ɗau zafi, ina zan sa raina?

Tambaya: Inna, barka da war haka. Ni mai ɗinki ce a unguwar Zariya da ke garin Maradi. 'Ya'yana huɗu, ga uwar mijina kwance a gidanmu wata uku ke nan. Ɗinkunan mutane sun taru, waya ba ta hutawa. Da dare barci ya ƙi zuwa, ƙirjina kamar an kifa mini turmi. Ina salla ina addu'a, amma har yara nake yi wa tsawa ba su yi komai ba. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya ba surukarki lafiya, ya biya ki ladan jinya. Da farko ki je asibiti a auna jininki, don rashin barci da nauyin ƙirji ba abin wasa ba ne.

Sannan ki fita daga ɗakin nan. Shekarar da na yi takaba, da na gama, ƙafata ce ta yi mini magani. Bayan asuba nakan gangara Gulbin Maradi, wajen da tsohon gari yake kafin ruwan 1945 ya sa mutane suka hau tudu. Da rani ba ruwa, sai rairayi mai sanyi da lambuna. Nakan tuɓe takalmi in zauna gindin gawo. Kin san halinsa: damina ya kaɗe ganye, rani ya yi kore shar, awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Akwai wani dattijo da ke ban ruwan salati da zogale. Ba mu taɓa wuce "ina kwana, ina gajiya" ba, amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan tasa shi ya fara dawo mini da barci. Ki bar waya gida, awa guda ba za ta kashe kasuwa ba. Wasu za su ce ki je tafkin Madarunfa. Yana da kyau, sai dai mai jinya da tafiya mai nisa ina suka haɗu?

Sai maganar mutane. Maza suna da fada, su kafa shayi su amayar da abin da ke cinsu. Mu fa? Muna da asusu. Tsarin asusun mata da ake kira Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maradi aka fara shi a 1991, kuma ni ban ɗauke shi wurin zubi kawai ba. A kan tabarmar nan za ki ji wata ta ce ita ma ta yi jinyar uwar miji, ta gaya miki yadda ta raba kwana da dangi.

Kuma ki daina cewa "ba komai" in an tambaye ki. Ki kira ƙannen mijinki mata, ki ce Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, jinya tasu ce. Uwarsu ce ai. Masu kawo miki ɗinki kuwa, wanda ba zai iya jiran sati biyu ba, ki miƙa masa yadinsa da fara'a.