Saƙar gizo ta lulluɓe bishiyoyin lemu: me ya kamata a yi?

Tambaya daga wani mai lambu a gefen kogin Binuwai, kusa da Garwa: saƙar gizo ta mamaye bishiyoyin lemun tsamina, ganye na bushewa a ciki. In yi feshi?

Malam, kada ka taɓa famfon feshi tukuna. Fara duba saƙar. Idan a kwance take kamar faranti, ƙofofinta ƙanana, da zare a yamutse sama da ƙasa, kuma ba ta manne wa yatsa, to mai ita shi ne gizon da ake kira Cyrtophora citricola, na dangin Araneidae. Macen takan kai milimita 10, namijin kusan 3. Asalinsa Afirka ne da kudancin Turai da sassan Asiya, daga baya ya ƙetara Kolombiya da Fulorida ta Amurka. Yana son bishiya mai ƙaya da ganye mai tauri, shi ya sa lemu ke jawo shi. A tare suke zama, kowace mace na haɗa saƙarta da ta maƙwabciyarta har su rufe reshe.

Ba ya cin ganye, ba ya shan ruwan itace. Ƙwari yake ci, wato mai taimakonka ne. Ɓarnar daga yawan yanar take: tana tara ƙura da busasshen ganye, ta tare wa sabon toho rana.

Saboda haka rage shi za ka yi. Samo doguwar gora, ka naɗe yanar da sassafe, ka fi mai da hankali ga jakunkunan ƙwan da ke rataye a jere a tsakiyar saƙar. Kowace jaka na ɗauke da ƙwai sama da 100, idan ka bar su aikin ya koma baya. Binne abin da ka cire nesa da lambu, ka sassabe rassan da suka cushe, bayan mako 2 ka sake zagayawa. Ƙananan dashe su ne abin tausayi, fara da su. Maganin feshi yawanci a kan zaren yake tsayawa, ga asarar kuɗi ga kashe ƙudan zuma.

Amma idan yanar siririya ce a bayan ganye, ganyen kuma ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, wannan wani abu ne daban. Karkaɗa ganyen a kan farar takarda. In ka ga ƙananan jajayen ɗigo suna motsi, jan gizo ne mai tsotson ganye, wanda ke tsananta da bazara. Shi kam sai wanke bayan ganye da ruwa da maganin da aka yi dominsa.