Wane kwalekwalen jet ya dace da iyali?

Malam, ka ce kana Amurka, kana neman na hannu don yawon tafki da yara. Jet, wato kwalekwalen da ke tafiya da ƙarfin ruwan da famfo ke fesowa ta baya, ya dace, domin farfelarsa a ɓoye take cikin famfo, ba ta yankar ƙafar mai iyo. Na Yamaha sun yi yawa a can, kayan gyara ba wuya.

Kafin ka biya, kai makanike ya duba awowin da injin ya yi yana aiki da bakin farfelar. In ta cinye, inji zai yi ta ihu, jirgi ba gudu. Ka guji wurin ciyawa, ta taɓa toshe min famfo tsakiyar ruwa, sai da aka jawo mu. Wajen kwana kuma kada ka saki totur, sitiyari ba zai amsa ba. Kowane yaro da rigar ceto daidai jikinsa.