Ma'aikata na ajiye aiki, alhali ban taɓa nuna wa kowa bambanci ba

Tambaya: Ina riƙe da sashen kula da ma'aikata a wani kamfani a Kakuri, Kaduna. Ma'aikatanmu biyu 'yan Sabon Tasha, unguwar da akasarin mazaunanta Kiristoci ne, sun ajiye aiki, sun ce ba a taɓa ɗaukarsu 'yan gida ba. Allah ya sani ban ƙi kowa don addininsa ko ƙabilarsa ba, abin ya hana ni barci. An ce in kawo masani ya yi mana bitar yini guda kan kauce wa nuna bambanci. Za ta magance?

Amsa: Malam, na yarda ba ka ƙi kowa ba, sai dai irin wannan son kai ba ya jiran niyya. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masu bincike Bertrand da Mullainathan sun aika wa kamfanonin Amurka takardun neman aiki iri ɗaya, sunaye kawai suka sauya. Masu sunan Turawa sun fi masu sunan baƙaƙen fata samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. A Kaduna kuwa, tun bayan rikicin 2000 da ya raba mutane ƙetaren kogi da ƙetaren kogi, adireshi kaɗai ya isa. Mutum ya rubuta Rigasa ko Narayi, an gama auna shi kafin a duba takardunsa.

Batun bita, gaskiya na gaji da shi. Kullum sai a zo mini da satifiket, an kama ɗakin taro a otal, an sha shayi, an ɗauki hoto, wai ai an wanke ofis. Wane ofis? Masu bincike Dobbin da Kalev sun nuna a 2016 cewa horon dole sau da yawa ba ya ƙara yawan tsiraru a manyan muƙamai, wani lokacin ma raguwa suke. Mafi muni, shugaba ya samu garkuwa: duk wanda ya kawo koke sai a ce masa "ba an yi muku bita ba?" Masu sayar da ita sun san haka, kuɗinsu suke karɓa su wuce.

Ɗauko fayil ɗin ƙarin girma na shekarun baya, ka duba su wa aka tura kwas, su wa aka tsallake. Lokacin tantancewa a rufe suna da unguwa. A intabiyu kowa a yi masa tambayoyi iri ɗaya, kowane mai tantancewa ya rubuta makinsa kafin a fara tattaunawa. Sannan ka lura ko a ɗakin taro ake yanke shawara, ko kuwa a kan hanyar dawowa daga sallar Azahar, inda waɗancan biyun ba sa nan.