Abin da na goge a waya, zai iya dawowa?

Tambaya: Salam Malam. Musu ne ya kaure a majalisarmu, abokina ya rantse wai ko ka goge saƙo ko hoto 'yan sanda na iya tono shi, ni kuma nace abin da aka goge ai ya tafi kenan. Waye mai gaskiya? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam sai dai ka biya kuɗin shayin yau, abokinka ya fi ka gaskiya. Goge fayil a kwamfuta kamar kankare sunan ɗan haya ne a ƙofar ɗaki, kayansa na nan ciki har sai wani ya tare ya zuba nasa a kai.

Akwai wani Dennis Rader a garin Wichita na jihar Kansas a Amurka, mutum 10 ya kashe tsakanin 1974 da 1991, aka yi shekara 30 ana nemansa kamar ruwa a jallo. A 2005 shi da kansa ya aika wa 'yan sanda tambaya wai in ya turo saƙo a faifan kwamfuta irin na da, floppy, za su iya gano shi? Suka amsa masa ta jarida cewa ba komai, shi kuma gogan naka ya yarda, wallahi wannan wautar har yau tana ban mamaki. Ya aika faifan zuwa wani gidan talabijin, masu bincike suka tono wata takardar Microsoft Word da ya goge, a bayanan da manhajar ke liƙa wa takarda da kanta sai ga sunan cocin Christ Lutheran, ga kuma sunan wanda ya taɓa ta a ƙarshe, Dennis. Ana dubawa a intanet aka ga ashe shi ne shugaban kwamitin cocin. Gwajin DNA ya ƙarasa zancen, ranar 25 ga Fabrairu 2005 suka damƙe shi.

Inda kake da ɗan kaso shi ne wayoyin yanzu, suna kulle bayanansu sosai, wani abin in ya gogu dawo da shi sai an sha wuya. To amma saƙon ai yana wayar wanda ka tura wa, wataƙila ma yana Google Drive, sannan kamfanin layi na da lissafin wa ka kira, ƙarfe nawa, kana kusa da wane ƙarfen sabis. Ko ka yar da sim ɗin ka sa sabo, lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, tana nan yadda take.