Katakon da Zai Ɗauki Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Tambaya: Yayana ya aiko min da ƙaramin jirgin ƙasa na wasa mai lantarki, ƙirar Hornby, daga Ingila. Kafinta ya ce in sayi MDF don teburin da za a shimfiɗa layin, wai ya fi araha. Daga Gwammaja.

Amsa: Malam, kada ka yarda. MDF garin katako ne aka matse da gam, laimar damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura. Tsakanin ƙarafan layinka milimita 16.5 ne kacal, ɗan tudun da ido bai gani ba zai kayar da jirgin. Nemi filawud, wato katakon da aka haɗa ɓawo-ɓawo da gam, mai kaurin milimita 9, a ɗaura shi a kan firam, a gitta katako ta ƙasa duk bayan santimita 40.

Kuma ka je 'Yan Katako a Na'ibawa da ƙafarka, kada ka aiki yaro. Auna kaurin da kanka, ka duba gefen filawud ɗin: in ka ga ramuka tsakanin ɓawo da ɓawo, ajiye. Abin da ya fi ci min rai shi ne ɗanyen katako. Mutum zai kashe kuɗi masu yawa a kan jirgi, ya zo kan firam ya tsaya cinikin naira ɗari biyu. A saya a watan Agusta yana jiƙe, hunturu ya shigo ya busar da shi, ya murɗe, layi ya bi shi ya karkace, sai a ce jirgin ne jabu! Bar katakon ya kwana mako biyu a ɗaki kafin a yanka. A shafa maganin gara, a yi fenti sama da ƙasa, ba sama kaɗai ba.

Tambaya: Ɗana yana so ya tayar da wata kwana ta layin jirginsa ya sake ta, ina tsoron ya lalata duka. Wata uwa daga Zoo Road.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. In farin gam na katako ya sa, ruwan ɗumi zai sassauta shi, sai ya zura siririyar wuƙa ya ɗaga layin a hankali. Ya fara cire wuta, ya ɗauki hoton wayoyin kafin ya taɓa komai.

Tambaya: Ba zan iya shimfiɗa layin jirgin a kan kafet ba? Daga Fagge.

Amsa: Za ka iya, in kana so zare da ƙurar Kano su cika injin.