Kainuwar Waje Ta Rufe Tafkinmu: Ya Halatta Mu Zuba Mata Guba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni masunci ne, ina kuma taɓa noman rani a fadamarmu ta bayan Rigachikun. Tafkin da muke su a ciki, shanu kuma suke sha, kachalla ta cinye gefensa, tsakiyarsa kuwa wata irin kainuwa mai kumburarren kara da fure shuɗi-shuɗi ta rufe shi ruf. Kwalekwale ba ya wucewa, taru ba ya janyuwa, karfasa da ragon ruwa sun yi wuya. Matasa sun shirya gayya. Wasu suka ce a zuba maganin feshi ko gamalin a huta, kachallar kuma a cinna mata wuta. Wani dattijonmu ya ce duk haramun ne, kainuwa dashen Allah ce, kuma kowace halitta tasbihi take yi. Sannan idan an shiga aiki ana tarar da guza, kunkuru, kwaɗi, har da 'ya'yan kada, yara suna kamawa su kai kasuwa. Mene ne hukuncin wannan duka?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Cire wannan ciyawa halal ne, kuma tunda ta toshe wa jama'a abincinsu da ruwan dabbobinsu, ya zama aikin lada, ya zama nauyi a kan masu iko da yankin. Zuba guba a ruwan kuwa haramun ne.

Dattijonku, Allah ya saka masa da alheri, ya faɗi gaskiya a kan tasbihi. Aya ta 44 a Suratul Isra'i ta ce babu wani abu face yana tasbihi da gode wa Allah. Amma ciyawar da yake nomewa a gonarsa duk damina ita ma tana tasbihi, ragon layya ma haka, ba a kuwa taɓa jin malamin da ya hana noma ko layya saboda wannan ba. A Suratul Hashri aya ta 5, Allah ya ce dabinon da Musulmi suka sare da wanda suka bari a tsaye duk da izininsa ne. Ga shi dabino, mafi darajar itace a wurin Larabawa, an sare shi da buƙata ta kama. Abin da shari'a ta hana shi ne ɓarna ba dalili.

Zancen dashen Allah kuma, komai dashensa ne, sai dai wannan kainuwar, hannun mutane ne ya kawo ta. Ba kainuwar da kakanninmu suka sani ba ce, mai ganye a kwance kamar latas. Asalinta yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa don kyan furenta. Ta bayyana a ruwayen Legas a 1984, kafin shekarun 1980 su ƙare ta kai tafkin Kainji. A ƙasarta akwai ƙwarin da ke cinta suna rage mata ƙarfi, nan kuwa ta zo babu mai tsawata mata, cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Idan ta rufe fuskar ruwa rana ba ta ratsawa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya su sami maɓoya. Kachalla kuwa ku tambayi mutanen Haɗeja da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma zama duk shekara, kachalla ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Allah ya ce a Suratul Hijri aya ta 19 ya tsirar da komai a ƙasa bisa awo. Mu muka taɓa awon, gyara shi kuma ba shisshigi ba ne ga ikon Allah.

Wani abu da nake so matasanku su riƙe: hukuncin yana rataye ne a kan cutarwa, baƙunta ba laifi ba ce. Masara, rogo, gyaɗa da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo. Mangwaro da dogon yaro daga Indiya. Wanda ya ɗauki gatari ya nufi dogon yaron ƙofar masallaci wai baƙo ne, ɓarna ya yi. Ƙa'idar ita ce hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Daga nan malamai suka ce ana gusar da cuta, suka kuma ƙara da cewa ba a gusar da ita da irinta, balle da wadda ta fi ta.

A nan ne shawarar guba ta faɗi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. In fitsari ya haramta a tafki, ina ga gamalin? Ba ma maganin ciyawa ba ne shi, maganin ƙwari ne, kuma tun 2009 aka sa sinadarinsa cikin jerin gubar da ƙasashen duniya suka amince a daina aiki da su, saboda yana daɗewa a ƙasa da ruwa, yana taruwa a jikin kifi da jikin mai cin kifin. Duk wanda ya taɓa ganin inda aka zuba shi ya san yadda abin yake: da safe ruwa ya yi fari fat da cikin kifi, manya da 'yan mitsi-mitsin da ko a miya ba za su shiga ba, kwaɗi a wuntsile a bakin gaɓa. Maganin feshi ma, ko ya kashe kainuwar, a cikin ruwan za ta ruɓe, ruɓewar ta shanye sauran iskar, kifin da ake son ceto ya mutu. Ga shi ruwan ba naku ba ne ku kaɗai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawar kiwo da wuta. Wanda ya zuba guba saniyar Bafulatani ta sha ta mutu, sai ya biya, ga zunubi. Idan har hukuma da masana suka ga wani wuri sai da magani, wannan aikinsu ne da awonsu, ba na wanda ya sayo galan a kasuwa ba.

Wuta ma ban ba ku ita ba. Annabi ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙona, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Dajin kachalla cike yake da sheƙar tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Kuma wahalar banza ce, don saiwarta tana ƙarƙashin laka, bayan wuta sai ta tofo da ƙarfi. Abin da ke karya ta shi ne a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwa ya shanye kututturen, a maimaita. Kainuwar kuma a janyo ta tudu nesa da gaɓa, ta bushe, a yi taki da ita. Busasshiyar da aka tara aka kakkaɓe, ba laifi a ƙona ta. Kada ku ɗauka gayya ɗaya ta isa: irinta yana iya shekaru da yawa a laka da ransa. Ku sa ranar kwasa a kai a kai, ku riƙa wanke taru da kwalekwale kafin ku kai su wani ruwa. Wanda kuma ya san halinta ya jefa ta a ruwan jama'a, ko ya saki baƙon kifi a ciki, alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa.

Saura dabbobin. Asalin farauta don ci halal ne, ta wasa kuwa makaruhi ce, haka Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala, inda kuma ya ce an karhanta kashe kwaɗi. To amma waɗannan dabbobi ai su ne 'yan gida, don su da kifi ake gyaran tafkin. Suratul An'ami aya ta 38 ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irinmu. Annabi ya ce ba don karnuka al'umma ce daga cikin al'ummu ba da ya yi umarni a kashe su, Imamul Khaɗɗabi kuma ya yi sharhi cewa Annabi ya ƙi ne a shafe wata al'umma ɗungurungum, domin babu halittar da ba ta da hikima. Mu a garin nan mun ga abin da ido. Mai shekara hamsin ya san lokacin da ungulu ke jeruwa a kan rufin mayanka, yau sai yaro ya gama sakandare bai taɓa ganin ta ba, an kwashe ta an kai wa masu tsibbu, mushe kuma ya koma ruɓewa a bola. Saboda haka ina ganin kwashe 'ya'yan kada da ƙwan kunkuru don sayarwa bai halatta ba: yanke zuriya ne, kuma dokar ƙasa ta 1985 ta hana cinikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Shugaba yana da ikon keɓe wuri ko hana wani halal don maslahar jama'a, yadda Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza, kuma irin wannan ne gandun Kamuku na Birnin Gwari. Bin irin wannan doka wajibi ne.

Kadan da ya fara kai wa mutane ko dabbobi hari, ya halatta a kashe shi, domin Malik ya shigar da duk dabba mai afka wa mutane cikin hukuncin kare mai cizo. In da hali a fara sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji. Wanda bai taɓa kowa ba a bar shi a ruwansa. Ranar gayya ku sa babba ɗaya a bakin gaɓa yana duba abin da yara suka fito da shi, ku kuma bar wani ɓangare na ciyawar gefe ba a taɓa ba, inda abin da aka tasa zai fake.

Wallahu a'alam.